TSAKANIN HADARI DA HAƊARI: JAN KUNNE GA SABABBIN MASU MOTO A DAMARGU



A ajin yaƙi da jahilci akwai kalmomi biyu da ke ba ɗalibai wahala wurin rubutu: hadari da haɗari. Ƴar lanƙwasa guda ce bisa kan harafi ta raba su. Na farko shi ne wanda muke ɗaga kai muna jira tun watan Yuni. Na biyu shi ne wanda ke kai mutum likita. Ga wanda ya sayi moto bana, kalmomin nan biyu sun fi kusa da juna a bisa hanya fiye da yadda suke a allo.

Dalili kuwa, mu a nan ba a damana muke sayen moto ba. Da kaka ne ake saye, in an sai da hatsi da wake ko bisashe, ko kuma in samari sun komo daga ci-rani Agadas, Libiya ko Aljeriya. Mutum ya koyi tuƙi cikin ɗari, ya ƙware cikin bazara, ya yi wata takwas ko tara tayarsa ba ta taɓa laima ba. Har ya fara sakin hannu guda yana gaida mutane. Ran da ruwan farko ya sauka, duk wannan gwaninta ta koma baya, ya zama sabon shiga, amma shi bai sani ba.

Maganata ta fi shafar masu ɗan moton nan mai ƙananan ƙafafu, wanda ake zama kamar bisa kujera a aza sawu a gaba, irin wanda iyayenmu ke kira basfa. Malaman makaranta, ma'aikatan likita, ƴan kasuwa da mata sun fi son shi, don ba shi da wuyar koyo, kuma na yanzu da yawa ba su da giya. Amma tayarsa ƙarama ce. Ramin da babbar taya za ta tsallake, ita faɗawa take yi. Injinsa kuma yana ƙasa ƙwarai, kusa da ruwa. Masu manyan moto su ma su saurara, don yawancin abin da zan faɗi ya shafe su.

Ƙasa tana juyewa

Abu na farko da sabon mai moto ya koya a Damargu shi ne tsoron rairayi. Da rani, in ya ga yashi sai ya kauce, ya nemi fako inda ƙasa ta yi tauri. Wannan daidai ne da rani. Da damana kuwa sai abin ya juye. Rairayi in ya sha ruwa yana kamewa, ya riƙe taya, har ya fi daɗin tuƙi. Fakon nan da laka, waɗanda ke kamar siminti cikin watan Afrilu, su ne ke zama sabulu. A ido ba su da laifi, sumul suke suna ƙyalli. Da taya ta hau, sai gaban moto ya tafi gabas, bayansa ya tafi yamma.

Wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan Gangara ko kwarin Tarka bayan ruwa ya san abin da nake faɗi. Laka tana cika zanen taya, ta mai da ita kamar tsohuwa ko da jiya aka saye ta. Wani lokaci ta cushe tsakanin taya da murfinta har ƙafar gaba ta ƙi juyawa. In kun ji moto ya yi nauyi cikin taɓo, kada ku ƙara wuta. Ku sauka, ku sami ɗan icce ku ƙwaƙule. In tilas ne ku ratsa wuri mai santsi, ku bi sawun amalanke ko gefe mai ciyawa da tsakuwa, da tafiya kaɗan kamar ta mai ƙafa, ba murɗa wuta da ƙarfi, ba taɓa birkin gaba. Babu kunya ga sauka a tura. Na ga dattawa suna tura nasu, ba wanda ya yi musu dariya.

Kwalta ma ba ta da amana

Babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi Bakin Birji da Sabon Kafi ta iso Tanut, wajen kilomita 140, kana ta wuce Agadas, ita ce sababbin masu moto suka fi amincewa da ita. To ku sani, wata tara manyan motoci suna ɗiga mata gazuwal da baƙin mai, iska kuma tana zuba mata ƙura. Tun da aka buɗe matatar mai ta kusa da Bakin Birji a 2011, tankoki ba sa yankewa bisa wannan hanya. In ruwa ya fara sauka, mai da ƙura da ruwa suna gauraya su yi santsi. Yayyafin farko ya fi babban ruwa mugunta, don babban ruwa yana wanke hanya, yayyafi kuwa jiƙa dattin kawai yake yi. In kun ga wuri yana ƙyalli da launi kamar bakan gizo, mai ne, ku kauce masa. Haka farin fenti na bisa hanya, da kashin shanu kusa da kasuwannin bisashe.

Ga wani ɗan lissafi, ku gwada shi a ƙasa da yatsa. Mai gudun kilomita 40 a awa yana cin wajen mita 11 cikin daƙiƙa guda, watau kafin hannunsa ya kai ga birki ya riga ya yi taki goma sha. Bayan wannan, in an ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke buƙata ba sau biyu take ƙaruwa ba, sau huɗu ne. Jiƙaƙƙiyar hanya kuma tana iya sake ninka ta. Saboda haka wanda ya saba gudun 50 da rani, ya koma 25 ko 30 cikin ruwa. In akwai mota gabanku, ku lura da wani icce da ta wuce, ku ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu a hankali. In kun iso iccen kafin ku gama, kun matsa mata da yawa.

Birki kuwa, a kama na baya da na gaba tare, a matsa sannu sannu kamar mai tatsar akuya. Wanda ya damƙe na gaba gaba ɗaya, ƙasa zai sha. A rage gudu tun moto yana tsaye sak, kafin a shiga kwana. In an shiga kwana an gama da birki. Wannan ba a koyonsa ranar kasuwa tsakanin raƙuma da amalanke. Bayan ruwa, ku sami fili inda ba kowa, ku yi ta tafiya kaɗan kuna tsayawa har hannunku ya gane inda taya ke fara zamewa.

Akwai kuma iska. Hadarinmu daga gabas yake tasowa, da jar ƙura a gabansa. Hanyar kwalta kuwa kudu da arewa ta miƙe, don haka iskar daga gefe take bugun mai moto. Ɗan moto ba nauyi gare shi ba. Mai zuwa Tanut daga kudu, iskar tana tura shi tsakiyar hanya, wajen motocin da ke zuwa, ga ƙura ta rufe ido direba ba ya ganin sa. Mai zuwa kudu kuwa, waje take jefa shi.

A ganina, nan ne wayo ya fi ƙarfin hali. Ruwan Damargu ba yawa gare shi ba, a Tanut sau da yawa ba ya kai milimita 300 a shekara, kuma ba ya cika daɗewa yana zuba. In kun ga gabas ta yi ja, ku shiga gari mafi kusa, ku jingine moto, ku nemi zaure ko rumfar mai shayi. Awa guda ko biyu an ɗauke. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. Sai dai kada ku fake gindin icce guda tilo cikin fili, aduwa ce ko gawo, don nan tsawa ke faɗawa. Masu cewa robar taya tana tsare mai moto daga tsawa ba su faɗi gaskiya ba.

Ƙorama

Santsi yana karya ƙafa. Ƙorama kuwa rai take ɗauka. Wannan shi ne abin da ya fi tayar mini da hankali.

Ƙoramunmu busassu ne kusan duk shekara, har mutum ya manta da ruwa ne ya haƙa su. Ana iya yin ruwa can nesa, ku nan ko ɗigo ba ku gani ba, sai ga shi ya iso ja wur yana ɗauke da itace da ƙaya. Masana sha'anin ambaliya sun auna, sun ce ruwa mai gudu da zurfinsa bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 kuwa yana iya tafiya da ƙaramar mota. Santimita 30 bai kai gwiwa ba. To ina ga ɗan moto? Kuma jan ruwa ba a ganin ƙasansa. Inda kuka bi da safe lafiya, da la'asar ruwa ya riga ya yanke shi ya yi rami, har wuraren da aka zuba siminti yana cinye gefensu.

Damanar 2024 ta isa misali. A shekarar nan ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, wasu ruwa ya ci su, wasu gini ya faɗa musu. A watan Satumba tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari, ya rushe. Ƙasar da ake cewa ba ta da ruwa tana iya samun na wata guda cikin yini.

Ka'ida a nan guda ce. In ruwa yana gudu, ba a shiga, a zauna a jira ya janye. In ya kwanta, a sauka a auna da sanda, a bi da ƙafa tukuna. In ya kai tsakiyar taya, wurin ƙarfen da take juyawa a kai, ya fi ƙarfin ɗan moto, don kafar da injinsa ke shaƙar iska tana ƙasa. Wanda ba shi da giya kuma da ɗamarar roba yake jan tayar baya. In ruwa ya shiga gidanta sai ta riƙa zamewa, inji yana kuka moto ba ya tafiya, ga shi tsakiyar ruwa.

In moto ya mutu cikin ruwa, kada ku yi ta bugunsa. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. In ya shiga cikin inji aka tilasta masa, ƙarfen ciki yana lanƙwashewa, gyaran kuma sai an sai da akuya, wataƙila biyu. Ku tura shi waje, ku kwance buji, ku buga sau da yawa ruwan ya fito, ku shanya soson iska. In baƙin mai ya yi fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga, a juye shi kafin a tayar. Ko moto bai mutu ba, bayan an fito ruwa birki ba ya kamawa nan da nan. A ɗan matsa shi ana tafiya sannu har ya bushe.

Kafin a fita gida

Ku dubi taya. Zanen nan na jikinta ba ado ba ne, shi ke kore ruwa. In ya shafe har kan ashana ba ya shiga ciki, a canza. Na san kuɗi sun yi wuya cikin watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, amma taya ba ta kai kuɗin ɗori da na wanda zai yi muku noma kuna kwance ba. Ku kunna fitila ko da rana. Babbar riga da zane da mayafi in sun jiƙe suna nauyi su sauka wajen taya, a tattare su. Silifa yana zamewa bisa daɓen moto, takalmi rufaffe ya fi. Masu riƙe laima da hannu guda suna tuƙi da guda, ban san abin da zan ce musu ba.

Hular kwano kuwa, mu a nan sai mun hangi jandarma muke tuna ta, wasu ma cewa suke rawani ya isa. Rawani yana tsare ƙura, ba ya tsare kwalta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum wajen miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, ta kuma ce hula mai kyau, in an ɗaure ta daidai, tana rage raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari. Ku tuna wanda kansa ya fashe a Tanhiya ko bayan Balbeji, sai an nemi mota an kai shi Tanut, in abin ya yi tsanani a wuce Damagaram, a kan hanyoyin nan da ruwa ya ɓata. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana cewa ba komi, in ya fara amai ko barci ya rinjaye shi ko magana ta rikice, a kai shi likita ba jira.

Saura goyo. Wanda bai taɓa ratsa damana guda bisa moto ba, kada ya ɗauki matarsa da jariri, ko buhun iri da hauya, in ƙasa ta jiƙe. Nauyi a baya yana sa tayar gaba ta yi sakayau, ita ce kuwa ke riƙe hanya. Gaggawar shuka muka sani, kowa yana son ya iso gona tun ƙasa tana da laima. A aza iri da yara bisa amalanke su yi gaba. Mai moto ya biyo baya shi kaɗai in rana ta ɗan buga ƙasa.