Filtar da ba a tambayar lafiyarta: me kake shaƙa a cikin mota a hanyar Batsari da Safana?

Motar da kake ja, ko ta Baba ce, ko ta yayanka, ko wadda aka ba ka kana haya da ita, yaushe rabon da a duba filtar iskar cikinta? Ba iyakilinar inji nake nufi ba, wadda bakanike ke kakkaɓewa duk ranar sabis. Akwai wata daban, 'yar ƙarama mai kama da takardar da aka nannaɗe, wadda mutanen gareji ke kira filtar AC. Aikinta shi ne tace iskar da fanka ke hurowa fuskarka. Idan yau ka fara jin labarinta, kada ka ji kunya, kuna da yawa.

Abin mamaki, mun damu da abin da inji ke shaƙa fiye da abin da mu muke shaƙa. Ana juye baƙin mai, ana canza filtar mai, ana wanke fulogi. Amma filta ɗaya tilo da aka sa domin ƙirjin mutum, sai ta shekara uku ba wanda ya leƙa ta. A garin da ba ƙura, da sauƙi. A Batsari da Safana kuwa, wannan sakaci ne mai tsada.

Ƙurarmu kashi biyu ce

Ta farko baƙuwa ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu na tasowa daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara. Kaso mai yawa na fitowa ne daga wani kwari da ake kira Bodele a arewacin Chadi, wanda a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne da ya ƙafe. Masana na lissafa shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ita ce hazon da kake gani ya rufe gari, har hukumar NiMet ta riƙa fitar da gargaɗi ga matafiya da masu ciwon asma.

Ta biyu kuwa 'yar gida ce. Da zarar ka sauka daga kwalta ka hau burji ko turbar ƙauye, ta wajen Ruma ko Wagini, ko ƙauyukan da ke kewayen Runka, ka san sauran bayani. Motar gabanka ta turnuƙe ka, babura su ƙara, garken shanu ya cike. Ranar kasuwa kuma sai wanda ya gani. Ga ƙaiƙayin gero lokacin sussuka, ga hayaƙin gonakin da ake ƙonewa kafin damina.

Ƙurar da ido ke gani ma da sauƙi, hanci da maƙogwaro na tare da yawanta. Masu haɗarin su ne ƙananan ƙwayoyin da ake kira PM2.5, waɗanda suka fi silin gashin kai siranta kusan sau 30. Su ne ke zarcewa can cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage da rabi adadin da ta ce bai kamata a wuce ba a matsakaicin shekara, saboda hujjoji sun nuna ko kaɗan ɗin ma na yin illa. Filtar mota ba ta kama su duka, gaskiya ke nan. Amma mai kyau tana tare mafi yawan ƙura da burbushin tsirrai, ta rage wani ɓangare na ƙananan. Ka tuna da wa kake ɗaukowa a bayan motar: Hajiya mai tari, ƙanwarka mai asma, jaririn da aka sallamo daga asibiti a Katsina ko Dutsin-Ma.

Yadda za ka gane ta toshe

Motar da kanta tana faɗa maka, sauraro ne ba ka yi. Ka murɗa fanka zuwa lamba ta ƙarshe, ka ji ƙara kamar injin markaɗe, amma iskar da ke fitowa ba ta kai ta mafici ba. Ko ka kunna AC wani wari ya buge ka, kamar na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Ko ka goge dashbod da safe, kafin azahar ya koma kamar ba a taɓa shi ba, alhali gilasai a rufe suke. Ko kuma duk wanda ya shigo sai ya kama atishawa.

A nan ne kuɗin mutane da yawa ke tafiya a banza. AC ya rage sanyi, sai a ce gas ne ya ƙare, a ɗura, a biya. Bayan kwana biyu abin na nan yadda yake. Gas bai da laifi, iska ce ta rasa hanyar wucewa. Ga gwaji mai sauƙi: idan iskar na da sanyi amma ba ta da ƙarfi, fara zargin filta. Idan tana da ƙarfi amma ba sanyi, to nan ne za a yi maganar gas ko kwamfireso.

Kuma barin ta a toshe yana jawo wata ɓarnar. Fanka na wahala, abin da ke daidaita gudunta yana zafi saboda iskar da ke sanyaya shi ta ragu, wata rana ka wayi gari lamba ɗaya kawai ke aiki. Wasu kuma sai su zare filtar su jefar, wai iska ta samu hanya. Ai kuwa za ta samu, tare da ƙurar gaba ɗaya, ta je ta manne a jikin ƙarfen da ke sanyaya iska can cikin dashbod. Wanke wannan a motoci da yawa sai an kwance dashbod ɗin. Ka guje wa kashe kuɗi kaɗan, ka faɗa wa mai yawa.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi. Da damina, ana ruwa, gilasai a rufe, mutum shida ko bakwai na numfashi, nan take gilashin gaba zai yi gumi. Iskar fanka ce ke share shi. In ba ta da ƙarfi, sai ka koma tuƙi da hannu ɗaya kana goge gilashi da ɗayan, ko ka nemi gefen hanya ka tsaya. Duk wanda ya san yankin da ke makwabtaka da dajin Rugu ya san ba kowane wuri ake son tsayawa ba, musamman in rana ta yi sanyi.

Ina take ɓuya?

A yawancin motocin Japan da muke gani, irin su Corolla da Camry da Accord na shekarun 2003 zuwa sama, tana bayan ɗan akwatin da ke gaban kujerar mai zaman banza, inda ake cusa takardun mota. A yawancin Golf 3 da Golf 4 kuwa sai ka buɗe bonet, tana ƙarƙashin baƙar robar da ke gindin gilashin gaba, ta ɓangaren fasinja. Tsofaffin motoci da yawa, na kafin shekarun 1990, ba a ƙera su da ita ba sam. Wasu kuma na hannu ne da aka shigo da su, gurbin na nan amma wayam. In haka ka tarar, labari mai daɗi ne: sayowa kawai za ka yi ka zura.

Aikin minti goma

Mu ɗauki mai bayan akwati, tunda ita ta fi yawa. Ka kashe mota, ka zare makulli. Ka kwashe tarkacen da ke cikin akwatin. A gefensa na waje za ka ga wani ɗan siririn hannu da ke riƙe shi don kada ya faɗo da ƙarfi, ka zame shi a hankali. Sai ka matse gefunan akwatin biyu zuwa ciki, zai sauko ƙasa. A bayansa za ka ga wani dogon murfin roba mai 'yan maƙalai a gefe. Ka danna su, murfin ya fita.

Kafin ka taɓa filtar, ɗauko wayarka ka yi mata hoto. Wannan hoton ya fi duk wanda za ka ɗora a Instagram yau amfani, domin akwai kibiya a gefenta. A wasu an rubuta UP, ma'ana wannan ɓangaren ne ke kallon sama. A wasu an rubuta AIR FLOW, ma'ana kibiyar na bin inda iska ke tafiya, wanda a irin waɗannan motoci yawanci ƙasa ne. Mutane na rikita biyun nan sosai.

Ka zaro ta a kwance, kada ka karkata ta, don kada dattin ya zube cikin fanka. Ka ɗaga ta wajen rana. In haske na ratsa ta kuma launinta bai sauya sosai ba, tana da sauran kwana. In ta koma ja ko baƙa, ninkin ya cika da ƙasa, ko ka ga ta yi laushi tana wari, ta gama aiki. Ka haska ramin da fitilar waya, ka tsince ganye da ƙaiƙayi. Kada ka yi mamaki in ka tarar da sheƙar ɓera, musamman a motar da ke dakon gero da gyaɗa ko take kwana kusa da rumbu. In ka gani, ka sa takunkumi, ka rufe hannunka da leda kafin ka kwashe. Wayoyi masu launin rawaya da za ka iya gani a wajen, na jakar iskar kariya ne, kada ka ja su.

Sai ka zura sabuwa yadda hoton ya nuna, ka mayar da murfi har ka ji ya ce ƙas, ka ɗaga akwati, ka maƙala hannunsa. Kunna fanka ka ji bambanci. Shi ke nan fa. Ba sifana, ba kuɗin aiki.

Wanke ta fa, ko hure ta?

Na san abin da ke ranka: me zai hana a kai wa mai faci ya hure ta da iska? A matsayin maneji kafin ka samu sabuwa, ka bubbuga ta a hankali ƙurar sama ta zube. Amma iska mai ƙarfi tana yayyaga zaren cikinta, ta buɗe ƙofofin da ido ba ya gani. Za ta yi fes a ido, ta daina tace komai. Wanki da ruwa kuma ya fi muni ga ta takarda, domin tana lalacewa, kuma in ba ta bushe ba ta zama gidan fumfuna.

Wajen saye, ka tafi da tsohuwar a leda, ko hoton lambar da ke jikinta, domin girmansu ya bambanta daga mota zuwa mota. In babu a gari, ka ba direban da ke zuwa Katsina ko Dutsin-Ma sautu, ko mai zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano. Iri biyu za ka fi samu: fara, mai tare ƙura, da mai ruwan toka wadda aka sa wa gawayi na musamman, tana rage wari da wani ɓangare na hayaƙi. Kada ka yarda a yanke maka wadda ta fi girma, ko a cusa ƙarama ana cewa duk ɗaya ne. Iska ba ta da haƙuri, inda ta ga gibi nan za ta bi.

Littattafan motoci da yawa na cewa a canza ta bayan kilomita 15,000 zuwa 30,000, ko sau ɗaya a shekara, su kuma ƙara da cewa a gaggauta in ana bin hanya mai ƙura. Wannan ƙarin da mu ake. Shawarata: ka duba ta a farkon hunturu, ka sake dubawa in ya wuce, kafin zafin bazara ya sa kowa neman AC. Ka rubuta kwanan wata da biro a gefen sabuwar.

"Ai ni ba na kunna AC, mai ya yi tsada"

Gaskiya ne, tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 mutane da yawa suka yi sallama da AC. Amma ka sani, kwamfireso ne ke shan mai. Fanka ita kaɗai wutar batir take ja, abin da take ci bai taka kara ya karya ba, kuma iskarta ma ta cikin filtar take bi. Da sanyin safiyar hunturu, ka ɗaga gilasai ka kunna fanka kawai, ya wadatar. In gilashi na ƙasa kuwa, ko filtar zinare ka sa ba ta da amfani.

In ka shiga bayan babbar mota ƙura ta taso, ka danna maɓallin nan mai hoton mota da lanƙwasasshiyar kibiya a ciki, yana rufe ƙofar iskar waje. Da ka wuce ƙurar ka sake shi, domin in ya daɗe a rufe da mutane cike, iskar ciki na gurɓata, direba ya fara hamma.

Gargaɗi na ƙarshe, kuma ka riƙe shi da kyau: babu filtar da ke tare gubar hayaƙin salansa, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Kada ka kwanta barci a mota inji na aiki gilasai a rufe, balle a cikin rufaffen gareji. In kana jin warin hayaƙi a cikin mota, salansa za a duba, yau ba gobe ba.

Ke ma da kike jan motar gida zuwa makaranta ko wajen aiki, aikin nan bai fi ƙarfinki ba. Kai kuma da ba ka da mota, ka tura wa mai ita. In kuma ta Baba ce, ka nemi izini da ladabi ranar Asabar, ka zaro filtar ka nuna masa. Ba sai ka yi dogon bayani ba, launinta zai yi maka.