Ƙashi Ya Ɗoru, Hannu Bai Dawo Ba

Akwai maganar da ke yawo a ƙauyukanmu, daga Mai Wurno zuwa kambunan ma'aikatan gona na Jazira, wai duk wanda ya karye a wuyan hannu ya yarda aka sa masa ƙarfe a asibiti, to ya yi sallama da hannun. Hujjar da ake kawowa ba ta wuce ɗaya ba: ga wane can, wata huɗu da yi masa aiki a Madani, har yau bai iya ɗaga buta.

Na ga irin wannan hannun da idona. Wani manomi ne da ya faɗo daga amalanken jaki ya dafa ƙasa da tafi. Hoto ya nuna ƙashin ya haɗe sumul. Amma da ya zo murɗa murfin jarka sai ya cije leɓe, wuyan hannun ya yi ƙas, ya saki. Ɗan'uwansa ya ce, "Yaya, da wurin basir mai ɗori ka je, da yanzu kana gona."

Wannan maganar ce ke ci mini rai, domin ba ƙashin ne ke ciwo ba. A Hausa kalma ɗaya muke da ita, jijiya, ga hanyar jini, ga mai kai saƙon ji, ga kuma igiyar da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Ta ukun nan ake mantawa da ita. Wuyan hannu ƙananan ƙasusuwa takwas ne, jere biyu, kuma waɗannan igiyoyin ne ke riƙe da su. Faɗuwar da ta karya babban ƙashin damtse sau da yawa takan yaga wadda ke tsakanin biyu daga cikinsu, ta wajen babban yatsa.

Ku dubi angarib, gadon igiyar da muke kwana a kai. Ƙafarsa ta karye, kafinta ya gyara ta da ƙusa, amma igiyar saƙar ta tsinke. Wa zai kwanta? Haka darni: ko dirkokin sabbi ne, in ɗaurin ya kwance, iskar farkon damina za ta kwantar da shi. Hoton da aka saba ɗauka dirka yake nunawa, ba ya nuna igiya. Sai dai likita ya lura da giɓi tsakanin ƙasusuwan biyu, wanda in ya wuce milimita 3 akan yi zargin yagewa.

Sannan lokacin warkewarsu ba ɗaya ba ne. Ƙashi yana samun jini sosai, cikin mako 6 yakan kama. Igiyar nan jininta kaɗan ne, kamar gonar da ke ƙarshen magudana, ruwa sai ya ratsa kowa kafin ya iso ta. Don haka aiki mai nauyi sai bayan kamar wata 3, ƙarfin damƙa kuwa yakan ɗauki shekara yana dawowa. Wanda ya koma jan koma a kogi ko riƙon fartanya tun ɗinkin da likita ya yi wa igiyar bai nuna ba, shi ya warware aikin. In kuma aka bar yagewar ba gyara, ƙasusuwan sukan yi ta gugar juna, bayan shekaru gaɓar ta cinye.

Ban raina maɗora ba, sun taimaki jama'a a inda babu likita. Amma kara da tsumma ba sa ɗinke jijiya, kuma ɗaurin da ya matse yakan tare jini. In yatsu sun kumbura, sun yi sanyi ko sun dushe, a kwance a nufi asibiti a ranar.

Rabin maganin kuwa gashi ne da motsa hannu: yatsu tun ranar farko, wuyan hannu in likita ya ba da izini. A nan hukuma ke da alhaki. Tun kafin yaƙin da ya ɓarke a ƙasarmu a Afrilun 2023, masu wannan aikin a birane suke. Madani ta fita hannun soja a Disambar 2023, sai Janairun 2025 ta dawo, asibitoci sun ji jiki. Yanzu da ake farfaɗo da su, ina fatan a koya wa ma'aikatan ɗakunan shan magani na ƙauye yadda ake motsa gaɓa, don kada mai fama da hannu ya riƙa biyan kuɗin mota zuwa Sinnar ko Damazin kowane mako, har ya gaji ya daina zuwa.