Daga Gona Zuwa Tukunya: Hanyar Abinci a Gangara da Ƙasar Gobir Lokacin Rashin Tsaro

A ƙasar Gobir damina ba ta da tsawo. Ruwa kan sauka sosai a watan Yuni, ya ɗauke a ƙarshen Satumba, kuma abin da ake samu a shekara bai cika wuce milimita 500 zuwa 700 ba. Cikin waɗannan 'yan watanni ne manomi zai shuka abin da iyalinsa za su ci har wata damina ta zagayo. Mutanen Gangara, wani gari a ƙaramar hukumar Sabon Birni ta Jihar Sakkwato, da maƙwabtansu na Isa, sun daɗe da sanin dabarun zama da wannan yanayi. Suna shuka gero da dawa da wake a jigawa, su gangara fadamun kogin Rima da rassansa da rani, su kuma killace dammunan hatsi a rumbu saboda shekarar da ruwa zai yi gardama. Dukkan waɗannan dabaru an gina su ne domin maganin fari. Abin da ya auka wa yankin tun wajen shekarar 2019 kuwa wani abu ne daban, wato hare-haren 'yan bindiga, kuma ya nuna cewa gari na iya kwana da yunwa ko da damina ta yi albarka.

Mece ce sarƙar isar da abinci?

Kada ɗalibi ya rikita wannan da sarƙar da ake koyarwa a darasin ilimin halittu, inda fara ke cin ganye, tsuntsu ya ci fara. A nan ana nufin matakan da ƙwayar gero ke bi kafin ta zama tuwo: samun iri da taki, noma, girbi, ajiya, jigila, kasuwa, niƙa, sannan kuɗin da mai saye zai biya. Kowane mataki ya rataya ne a kan wanda ya gabace shi. Ga wani ɗan lissafi da malami zai iya yi da ɗalibansa a allo. A ɗauka sarƙa tana da matakai 5, kuma kowanne yana aiki daidai sau 9 cikin 10. Idan aka ninka tara bisa goma sau biyar, za a ga cewa sarƙar baki ɗaya tana kai abinci ne sau 59 kacal cikin 100. Ƙaramin rauni a wurare da yawa yakan haɗu ya zama babbar ɓaraka.

Masanin tattalin arziki Amartya Sen ya yi bayanin ɗaya ɓangaren a littafin da ya wallafa a 1981. Da ya nazarci yunwar da ta kashe miliyoyin mutane a yankin Bangal na ƙasar Indiya a 1943, sai ya nuna cewa abinci bai ƙare a ƙasar ba. Abin da ya ƙare shi ne ikon talaka na mallakarsa. Wannan bayani ya dace da Gangara ƙwarai.

Inda sarƙar ke tsinkewa

Tsinkewar farko a gona take. Aikin gero aiki ne na lokaci. Idan ba a yi noman farko cikin mako biyu zuwa uku bayan tsiro ba, ciyawa za ta riga shuka shan ruwa da taki, kuma ko an yi maimai daga baya ba a mayar da abin da aka rasa. Manomin da ya ɓuya a gari tsawon kwana goma a watan Yuli saboda tsoron sacewa ya yi asarar da ba za ta bayyana ba sai ranar da aka ƙirga dammuna. Gonakin nesa, waɗanda su ne mafi faɗi, su aka fara bari. Satar shanu kuma ta tafi da shanun huɗa da takin gargajiya gaba ɗaya, ta raba manomi da makiyayi da dukiyar da suke sayarwa su sayi hatsi idan rumbu ya yi ƙasa. A watan Nuwamba na 2021 jaridu sun ba da labarin cewa 'yan bindiga sun naɗa nasu shugabannin a Gangara da wasu ƙauyukan Sabon Birni, suka ɗora wa jama'a haraji. Hukumomi sun musanta batun naɗin, amma biyan kuɗi kafin a yi shuka ko girbi abu ne da manoman yankin suka sha kokawa a kansa. Irin wannan kuɗi daga rumbu yake fitowa, domin hatsi ake sayarwa a haɗa shi.

Sai gudun hijira. Ranar 27 ga Mayu, 2020, an kashe fiye da mutum 70 a ƙauyukan Garki, Ɗan Aduwa, Kuzari, Katuma da Masawa, duk a Sabon Birni, ana gab da faɗuwar damina. A cikin wannan wata hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutanen da suka tsallaka Nijar daga Sakkwato da Zamfara da Katsina sun haura 60,000, akasarinsu a jihar Maraɗi. Ga Bagobiri wannan tsallakawa komawa ce wurin dangi, tun da bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808 wani reshe na sarautar Gobir ya kafu a Tsibiri kusa da Maraɗi, wani kuma a Sabon Birni. Sai dai duk wanda ya tsallaka, gona guda ce ta kwana ba a nome ba.

Tsinkewa ta biyu a kan hanya da kasuwa take. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, aka kai hari kasuwar Goronyo, mutum 43 suka rasu. A farkon Disamba na wannan shekara aka ƙone wata motar fasinja a kan hanyar Sabon Birni zuwa Isa, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 23. Direban da ya yarda ya bi irin wannan hanya zai ƙara kuɗin mota, ɗan kasuwa kuma ya ɗora ƙarin a kan tiya. Sakamakon yana da ban mamaki: a ƙauyen da aka noma hatsi farashi kan faɗi da kaka saboda babu mai zuwa saye, a garin da 'yan gudun hijira suka taru kuwa ya yi tashin gwauron zabo, alhali tsakaninsu tafiyar sa'a guda ce.

Wasu matakan da gwamnati ta ɗauka domin toshe wa 'yan bindiga hanyar samun kaya su ma sun taɓa sarƙar. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Sakkwato ta rufe hanyar Isa zuwa Marnona, ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin yankin da sayar da fetur a jarka, sannan aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23. Zamfara ta dakatar da kasuwannin mako, har da ta Shinkafi wadda mutanen Isa ke ci ranar Alhamis. Manufar a bayyane take, amma injin ban ruwa da injin niƙa da jarka ake kai musu mai. Batun waya kuwa akwai binciken da ya auna nauyinsa. Jenny Aker ta bi farashin hatsi a kasuwannin Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar salula ke shiga ƙasar, ta gano cewa bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, saboda ɗan kasuwa ya san inda ake buƙatar kaya kafin ya yi lodi. Idan aka kashe waya, wannan riba ce ake mayarwa baya. Haka kuma an rufe iyakar Nijeriya da Nijar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris 2024.

Rumbu da buhu

Babu inda sauyin ya fito fili kamar wajen ajiya. Rumbun laka ƙirƙira ce mai hikima. An ɗora shi a kan duwatsu don gudun danshi da gara, kaurin bangonsa yana rage zafi, kuma geron da aka ajiye a zangarniyarsa ba a sussuke ba yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Amma rumbu ana hango shi daga nesa, ba ya ɗaukuwa, hularsa ta ciyawa ce, ashana ɗaya ta ishe shi. Saboda haka magidanci kan sussuke hatsinsa ya zuba a buhu don ya ɓoye ko ya kai gari, kuma da zarar an yi haka an buɗe wa ƙwari ƙofa. Wake ya fi shan wahala. Macen ƙwaron wake tana manna ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta huda ta shiga ciki ta ci, cikin kamar mako uku zuwa huɗu ta fito da fiffike ta sake haihuwa. A 'yan watanni buhu ya koma gari da ramuka.

Maganin da ya fi dacewa da wannan hali shi ne ajiyar da ba ta shan iska. Masana a Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin jagorancin Larry Murdock, tare da abokan aikinsu na Kamaru, suka fito da buhun da ake kira PICS, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, INRAN, ta gwada shi sosai a Maraɗi. Buhun hawa uku ne: ledoji biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure shi daban. Ƙwarin da ke ciki suna shaƙar iskar oksijin suna fitar da iskar kabon, har oksijin ta yi ƙarancin da za su daina ci da haihuwa, daga bisani su bushe su mutu. Ba a sa maganin ƙwari ko kaɗan. Jarka ko durom mai murfin kirki, idan an cika shi fal, aiki ɗaya yake yi. Sharaɗi biyu ne: hatsin ya bushe sarai, leda kuma kada ta huje. Amfaninsa ga mutumin Gangara shi ne abincin shekara zai rarrabu gida uku ko huɗu, wani a ɗaka, wani wurin ɗan'uwa a Sabon Birni, wani a tsallaken iyaka.

Wannan rarrabawa ita ma tana da lissafi. Idan hanya ɗaya ce ke kai hatsi gari, kuma tana toshewa sau 1 cikin 5, garin zai rasa kaya a ranakun kasuwa 20 cikin 100. Idan hanyoyin biyu ne, sai duka sun toshe tare, wato sau 4 cikin 100. Idan uku ne, bai kai sau 1 ba. Amma lissafin yana aiki ne kawai idan hanyoyin ba su ratsa daji ɗaya ko gada ɗaya ba. Da wannan ma'auni ya kamata a duba rumbun tsimi na gari da tsarin jinginar da hatsi da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Duniya ta shigo da shi Nijar a 1999, inda manoma ke kulle amfaninsu a sito su karɓi rance, su fanshe shi idan farashi ya tashi. Tsari ne mai kyau a inda ake zaman lafiya. A ƙauyen da ake kai wa hari kuwa, tara abincin gari a ɗaki ɗaya gayyatar ɓarawo ne, don haka wurin irin wannan sito shi ne babban gari mai tsaro.

Iri mai saurin nuna

Duk kwanan da amfani ya ƙara a gona, kwanan kasada ne. Maiwa da dawa mai nauyi sukan kai wata huɗu zuwa biyar. Geron SOSAT, wanda Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri ta yaɗa, yana nuna cikin kimanin kwana 90. Geron Chakti da cibiyar ICRISAT ta fitar a Nijar a 2018 bai cika wuce kwana 70 ba, ga shi da yawan sinadarin ƙarfe mai ƙara jini. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta fitar da waken SAMPEA 20-T a Disamba 2019, wanda tsutsar da ke huda kwanso ba ta cinsa, don haka feshi biyu ya wadatar a maimakon shida ko fiye. Kowane feshi da aka rage, fita daji guda ce aka rage. Iri mai sauri yana da nasa aibi: yakan nuna ana tsakiyar ruwa, tsuntsaye su taru a kansa, kuma karansa bai kai na gargajiya yawa ba ga mai dabbobi. Ban da haka, irin da ke Zariya ko Maiduguri sai ya bi hanyar nan da ta toshe kafin ya iso. Abin da ya fi shi ne a sami manoman da za su riƙa ninka shi a cikin yankin, musamman a filayen ban ruwa na madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984.

Saura sanin halin da ake ciki a kan lokaci. Ƙasashen Sahel suna da tsarin auna ƙarancin abinci mai matakai 5, daga wadata zuwa yunwa mai kisa, kuma rahotonsa na Nuwamba 2024 ya yi hasashen cewa 'yan Nijeriya miliyan 33 za su shiga mataki na uku ko sama da haka a daminar 2025. Irin wannan ƙiyasi ya dogara ne da bayanan da ake tattarowa daga ƙauyuka, kuma inda hali ya fi tsanani nan ne ma'aikaci ya fi kasa zuwa. Alamu biyu ba sa buƙatar baƙo. Ta farko awon damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa shekara 5 da ɗan zaren awo mai launi: ƙasa da santimita 12.5 tamowa ta fara, ƙasa da 11.5 ta yi tsanani, a garzaya asibiti. An gwada koya wa iyaye mata wannan awo a Mirya ta jihar Damagaram, aka ga suna yinsa daidai da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Ta biyu farashi. Ajin sakandare a Isa ko Sabon Birni zai iya buɗe littafi guda, kowace ranar kasuwa a rubuta kuɗin tiyar gero da kuɗin matsakaicin akuya, a raba na biyu da na farko. Amsar ita ce yawan tiyoyin da akuya ɗaya ke saye. Idan wannan adadi ya yi ta raguwa mako huɗu a jere tun kafin bazara, magidanta sun fara sayar da dabbobi don ci, kuma wannan labari ne da ya kamata ya isa sashen aikin gona na ƙaramar hukuma a cikin makon.