Imel ko Sallama: Wanne Ke Kawo Kwastoma a Rano da Kibiya?

Cikin sana'o'in da intanet ta haifar akwai wadda samarinmu suka fara shiga, wato aikin ɗaga shafi: gyara shafin kamfani ko na shago yadda zai fito a sahun gaba idan an yi bincike a Google. Darussan da suke kallo a YouTube kusan bakinsu ɗaya kan neman kwastoma. Ka tara adireshin imel na 'yan kasuwa, ka tsara wasiƙa mai jan hankali, ka tura wa mutum ɗari ko ɗari biyu a rana, ka zauna jiran amsa. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai riga ce da aka ɗinka daidai jikin ɗan kasuwar Amurka. Saurayin da ke Rano ko Kibiya yana da wata hanyar: ya tashi ya je ya yi sallama, ya karɓi lambar waya, a ci gaba da magana ta WhatsApp.

A ba wa imel haƙƙinsa tukuna. Ba ya cin kuɗin mota, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai fitowa daga Kibiya zuwa birnin Kano. Ba ruwansa da nisa, Legas da Abuja duk ɗaya ne a wurinsa. Yana kuma ajiye shaida, farashi da wa'adi suna nan a rubuce ranar da gardama ta taso. Kamfani mai girman A.A. Rano ko Rano Air, wanda harkarsa ta wuce garin da yake ɗauke da sunansa, da takarda da imel ake hulɗa da irinsa.

Matsalar tana wajen mai karantawa. Kusan duk mai wayar Android a Rano yana da adireshin Gmail, domin sai da shi ake sauke manhajoji. Amma da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe musu shi ranar da suka sayi wayar, ya zaɓi kalmar sirrin da shi ma ya manta. Mai injin gyaran shinkafa, mai kemis, mai sayar da taki da maganin feshi, duk suna da akwatin imel, ba su dai taɓa leƙa shi ba. Wasiƙar za ta isa lafiya, ta kwanta a can.

Idan saurayin ya ce to bari ya nufi na nesa, masu buɗe imel kullum, can ma akwai shinge. Tun 2013 Gmail ke ware saƙonnin talla a wani ɓangare daban, inda ba kowa ke dubawa ba. A watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara ƙa'ida ga masu tura saƙo da yawa: sai an tantance daga ina saƙon ya fito, sai an sa wa mai karɓa hanyar ficewa da dannawa ɗaya, kuma idan ƙorafi ya yi yawa a riƙa jefa saƙonnin kwandon shara. Google da kansa, a shawarwarin da yake ba masu shafuka, ya gargaɗe su da masu aikin ɗaga shafi da ke turo imel ba a tambaye su ba, ya ce babu mai iya ba da tabbacin matsayi na ɗaya. Ga tabon 419 da wasu suka shafa wa duk wasiƙar da ta fito daga Najeriya. Ga kuma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta ba kowa ikon hana a yi masa talla da bayanansa. Mai sayen jerin adireshi a hannun wani ya san da wannan.

Sallama kuwa da wani irin jari take aiki. A Rano, kafin a tambayi abin da ka iya, sai an tambayi ɗan gidan wa ne kai. Amsar wannan tambaya ita ce rabin ciniki. Sauran rabin a kan wayar Alhajin da ka je wurinsa ake yin sa. Ka ce, "Ranka ya daɗe, bari mu rubuta makarantar kuɗi a Rano mu ga abin da zai fito." A rubuta, ta wani ta fito da hoto da lambar waya, tasa babu. Gani ya kori ji, babu wasiƙar da za ta yi wannan bayani. Kuma aikin farko da yake buƙata ba wani mai zurfi ba ne: a sa wurinsa a taswirar Google ta hanyar Google Business Profile, wanda rajistarsa kyauta ce, a zuba hotuna na gaskiya, a rubuta lokacin buɗewa da lambar da ake ɗagawa. Daga nan sai WhatsApp ya karɓa, da saƙon murya cikin Hausa, wanda har wanda karatunsa na allo ne kaɗai zai saurara ya amsa. Wasu na kukan cewa jerin aika saƙo na WhatsApp bai wuce mutum 256 ba, kuma sai wanda ya ajiye lambarka yake samu. Ni ina ganin alheri ne a ciki, domin wanda ya ajiye lambarka ya riga ya ba ka izinin yi masa magana.

Ba wai hanyar ba ta da ƙaya ba. Sanayyar da ta buɗe ƙofa ita ce ke hana biyan kuɗi. Kawu zai sa ka yi aikin, ya sallame ka da "Allah ya yi maka albarka". Wani zai ce sai bayan kaka, kuma ba ka da takardar da za ka nuna. Kasuwar ma ƙarama ce. Masarautar Rano, yadda aka tsara ta a 2024, ƙananan hukumomi uku ce: Rano, Kibiya da Bunkure. A cikinsu mafi yawan ciniki ba ya bi ta Google ko kaɗan. Manomi a Tarai ko Saya-Saya ya san wurin da zai sayi taki, dillalin tumatir kuwa da kiran waya yake haɗa mota. Sayar wa irin waɗannan aikin ɗaga shafi cin amana ne, ko da sun yarda sun biya. Masu amfana su ne masu jiran baƙo: masauki, asibiti mai zaman kansa, makaranta, injin shinkafa mai neman masu sari daga kudu, da masu gidajen haya da abinci da ke hidima ga ɗaliban makarantar Kano Poly da ke Rano.

Idan aka ɗora imel da sallama a ma'auni, sallama ta fi nauyi a farkon tafiya, kuma ba da kaɗan ba. Imel yana fara amfani ne ranar da saurayi ya sami abin nunawa. Wasiƙar da ke cewa "na ɗaga makarantu biyu da injin shinkafa ɗaya a Rano, ga sunayensu, ku bincika da kanku" daban take da wadda ke alƙawarin matsayi na ɗaya cikin mako guda. Ita ma gara a tura ta ga mutum goma da aka karanci shafukansu aka gano ainihin abin da ya lalace, da a watsa wa dubu.

Saboda haka mai shirin fara wannan sana'a a Rano ko Kibiya, ya ajiye jerin adireshin nan tukuna. Ya zaɓi wurare uku masu karɓar baƙi, ya je da kansa, a yanke farashi kafin a fara, ya tura wa mai wurin a rubuce ta WhatsApp, ya karɓi rabin kuɗinsa kafin ya taɓa aikin.