Yoga da Lazimin Manomi

Tun 2015 ake bikin ranar Yoga kowace 21 ga Yuni, watau dabarar Indiyawa ta daidaita numfashi har mutum ya natsu, ya saurari zuciyarsa. Ɗalibanmu da yawa sun ɗauka irin wannan natsuwa sai a Indiya. Alhali a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta, inda gona ke jingine da gona, manomi Batijjane yakan zauna bayan Asuba ya ja lazimi, istigfari ɗari, salati ɗari, hailala ɗari, kafin ya saɓa fartanya. Sai dai akwai bambanci. Mai koyar da yoga yakan ce ka amince da zuciyarka. Muƙaddami kuwa ba ya barin almajiri ya bi tasa sai ta sha tarbiyya, domin ya san takan yaudari mai ita.