Yadda 'Yan Wasan Cikin Kwamfuta Suke Faɗuwa

Ɗalibai, ƙwallon ƙafa irin na Amurka ya sha bamban da wanda kuke bugawa a filin makaranta. Ƙwallon nasu mai siffar ƙwai ne, kuma da hannu aka fi ɗaukarsa. Kowace ƙungiya tana sa 'yan wasa 11 a fili, masu tsaron gida kuma aikinsu shi ne su kayar da wanda yake riƙe da ƙwallo. Wannan kayarwa ita ce ta daɗe tana ba masu ƙera wasannin kwamfuta wahala.

A shekarar 1988 kamfanin Electronic Arts ya fitar da wasan John Madden Football, wanda daga baya ya zama Madden NFL. Da fasaha ta ci gaba, sai aka koma ɗaukar motsin mutane na gaskiya. Akan manna wa ɗan wasa ƙananan alamomi masu ƙyalli a gaɓoɓinsa, ya yi gudu ko ya faɗi, kyamarori su ɗauka, a adana a kwamfuta. Idan 'yan wasa biyu suka yi karo a cikin wasan, kwamfuta takan zaɓo ɗaya daga cikin motsin da aka adana ta nuna.

To, a nan matsalar take. Karo yana iya zuwa ta kowace fuska, amma motsin da aka adana yana da iyaka. Saboda haka mai wasa yakan ga faɗuwa iri ɗaya sau da yawa, har ya daina yarda da abin da yake gani.

Sabuwar hanyar ita ce ƙirƙirar motsi ta lissafi. Akan gina wa ɗan wasan kwamfuta ƙashi da gaɓoɓi da tsoka, a ba shi nauyi. Da zarar an yi karo, kwamfuta takan lissafa saurin kowannensu da nauyinsa da inda aka buge shi, nan take ta samar da motsin. Ɗan wasan yakan yi ƙoƙarin tsayawa da ƙafafunsa, idan ya kasa, sai ya miƙa hannu don ya kare kansa, kamar yadda ku ma kuke yi idan kun yi tuntuɓe.

Kamfanin NaturalMotion na birnin Oxford a Ingila ya yi amfani da wannan fasaha, mai suna Euphoria, a wasan Backbreaker na shekarar 2010. Sai dai wasan bai samu izinin amfani da sunayen ƙungiyoyin NFL ba, domin Electronic Arts ne kaɗai yake da wannan izini. A shekarar 2012 shi ma Madden NFL 13 ya shigo da lissafin karo nasa.

Amma lissafi ma yakan yi kuskure. Wani lokaci 'yan wasa sukan yi tuntuɓe da juna bayan an busa usur, ko ƙafa ta lanƙwashe yadda ƙafar mutum ba ta yi. Shi ya sa a yau ake haɗa hanyoyin biyu: motsin da aka ɗauka don gudu da jifa, lissafi kuma don daidaita karo.

Tambayoyi
1. Yaya ake ɗaukar motsin ɗan wasa na gaskiya?
2. Waɗanne abubuwa uku kwamfuta take lissafawa idan an yi karo?
3. Me ya sa ake haɗa hanyoyin biyu?