Yadda Addu'ar Gida Take Tafiya a Kudancin Kaduna

A gidajen Kirista da yawa na Kafanchan, Kagoro, Kwoi da Zonkwa, ranar takan fara ne da addu'ar safe, tun gari bai gama wayewa ba, domin manomi na son ya riga rana isa gona, 'yar kasuwa kuma na gudun kada mota ta bar ta. A cikin garin Kafanchan, inda Musulmi da Kirista ke maƙwabtaka, kiran sallar asuba ma kan zame wa wasu agogo. Galibi uwa ce ke tada gida. A taru a falo, a ɗauki waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, yaro ya karanta nassin ranar da ƙarfi, babba ya yi ɗan bayani, sa'an nan a tambaya: “Akwai mai roƙon addu'a?” Nan ne damuwar gida ke fitowa fili: kuɗin makaranta, ƙafar kaka, yayan da zai hau hanyar Kachia zuwa Kaduna.

Wannan jeri ba haka kawai aka yi shi ba. A fahimtar Kirista, lokacin karatu Allah ne ke magana, lokacin addu'a kuma mutum ne ke amsawa, shi ya sa karatu ke gaba da roƙo. Ɗan da ya shigo wurin mahaifinsa da safe yakan gaishe shi, ya ji abin da zai ce, kafin ya kawo buƙatarsa.

Tushen al'adar yana cikin yadda bishara ta shigo ƙasar. 'Yan mishan na SIM sun zauna a Kwoi a 1910, daga baya suka buɗe tasha a Kagoro, kuma abin da suka fi matsa wa sabon mai bi shi ne ya koyi karatu don ya buɗe littafin da kansa. Matsalar ita ce harsuna: Ham, Bajju, Atyap, Agworok, Fantswam, kowa da nasa. Hausa, harshen kasuwa, ita ce ta haɗa su. Da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, sai makarantar Littafi Mai Tsarki ta Kagoro ta samu abin horar da masu bishara, su kuma suka bazu ƙauyuka suna koyar da baƙi da wasali tare da aya. A Kagoro ɗin ne majami'un SIM suka zama ECWA a 1954. Jirgin ƙasa da ya mai da Kafanchan mahaɗa a shekarun 1920 ya kawo ma'aikata daga kudu da nasu ɗarikun, abin ya ƙara faɗi.

Har yau sawun wannan tarihi na nan a zama ɗaya. Sai ka ji an karanta nassi da Hausa, jika ya bi da nasa na Turanci, kaka kuma ta yi addu'a da Jju ko Tyap, wato harsunan Bajju da Atyap, don a nan bakinta ya fi sakewa. Sabon Alkawari ya fito da Jju a 1982, da Tyap kuma a 2015, amma wanda ya haddace aya da Hausa tun yana makarantar Lahadi, da Hausar take zo masa ko a gadon asibiti.

To wa ke zaɓar abin da za a karanta? A nan ne, a ganina, ƙarfin abin yake. Yawancin gidaje ba sa zaɓa da kansu. 'Yan ECWA na da Abincin Yini, ɗan littafin da ya ba kowace ranar shekara nassinta, da gajeren bayani, da abin da za a yi addu'a a kai. Katolika, waɗanda suka samu dayosis a Kafanchan a 1995 ƙarƙashin Bishop Joseph Bagobiri, na bin jerin karatun Mass: na Lahadi yana zagayowa cikin shekara uku, na sauran ranaku cikin biyu, ga Rosari da iyalai ke taruwa su yi, musamman a watannin Mayu da Oktoba. Duk hanyar da aka bi, mutum na karanta abin da aka tsara masa, ko ya yi daidai da halin zuciyarsa ko bai yi ba.

Wanda ya san ƙasar ya san nauyin wannan. An ga rikicin da ya tashi daga Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a Maris 1987, an ga na Zangon Kataf a 1992, an ga harin Goska a jajibirin Kirsimeti na 2016. A 2023 cuta ta cinye cittar da gidaje ke dogara da ita. A irin wannan lokaci hannu na kai kansa Zabura 91 da 121, inda ake zancen tsaro, kuma babu laifi a haka. Amma tsarin karatu ba ya barin mutum ya zauna nan. Wata safiya zai kai shi Matiyu sura 5, inda Yesu Almasihu ya umarci mabiyansa su ƙaunaci magabtansu, su yi musu addu'a, kuma yaron da aka ƙona gidansu ne zai karanta ta a gaban ubansa. Ba a gama irin wannan karatu da sauƙi. Wani uban yakan yi shiru, wani ya ce, “Mu roƙi Allah ya ba mu ikon yi, don da ƙarfinmu ba za mu iya ba.” Da an bar shi ya zaɓa, da ya tsallake shafin.

Gida kaɗai ba ya riƙe al'adar. Shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa, wanda ya taso daga Kagoro a shekarun 1960 ta hannun ɗan mishan Gerald Swank, ya saba wa mutane da taruwa kaɗan-kaɗan a gidaje don addu'a. Zumuntar Mata kuwa, da tulunsu da gangarsu, su ne ke kai karatu ɗakin mai jego da gidan makoki, su ne kuma ke lura idan wata ta daina zuwa.

Waya ta kawo sabon abu. Tsohuwar da ido ya gaza yanzu tana sauraron sura sukutum da Hausa, wannan alheri ne babba. Abin da ke damuna shi ne ayar safe da ake turawa a WhatsApp, guda ɗaya tal, an yanko ta daga cikin surarta, kusan kullum mai alkawarin nasara da buɗi. Ayar gaskiya ce, sai dai mai turawa ya zaɓo mai daɗi ne ya bar mai ɗaci. Shi ya sa a nazarin tsakiyar mako za ka ji fasto ko katikis na ce wa matashin da ya kawo aya ya koma ya karanta abin da ke gabanta da abin da ke bayanta, kafin a fara tattauna ma'anarta.